Tela da Matakala Goma Sha Huɗu

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a kan keken ɗinki. A duk tsawon shekarun nan ba a samu wanda ya raina ɗinkinsa ba, ba a kuma samu wanda bai sha jira a hannunsa ba. Idan ka kawo yadi zai auna ka a tsanake, ya rubuta awon da alli a gefen yadin, ya ninke ya ɗora bisa kanta, ya ce, "Gobe zan yanka." Goben nan takan kai mako uku. Sai ranar karɓa da safe zai sauko da yadin ya hau keke kamar wanda aka biyo, kafin rana ta yi sanyi riga ta fito tsaf, ko zare ɗaya bai kauce ba. Shi ya sa mutanen layin suka raɗa masa Baba Gobe. Bai taɓa jin haushin sunan ba, har ma yakan yi tinƙaho da shi, ya ce shi hannunsa ba ya faɗawa sai an ƙure shi. Abin da ya ɓata shi ke nan: da ya taɓa jin kunya ko sau ɗaya yana saurayi, da wataƙila ya gyara, amma gwanintarsa kullum sai ta rufa masa asiri.

Shagon ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙasan wani tsohon bene: keken ƙafa ɗaya, teburin yanka, dutsen guga, benci, da madubin da ya tsage a kusurwa. A saman shagon suke zaune, ɗaki biyu da madafa. Daga ƙofar da ke gefen shagon matakala ta tashi, ta siminti, matsattsiya, mataki goma sha huɗu, da kwana a na tara. Sau biyu yake bin ta a rana, ya sauko da safe ya hau da yamma, kuma ko a hakan sai ya dafa bango. Abincin rana ma sauko masa da shi ake yi. Ƙafafunsa sun taka keke tafiyar da ta isa ta kai mutum bangon duniya, amma duk a zaune. Sai ya tashi da siraran ƙafafu, da tumbi, da bayan da ya ranƙwafa tun bai kai hamsin ba.

Mai sauko masa da abincin ita ce matarsa, wadda shi kaɗai yake kira Sufeto. Ita ke sa maɓalli, ita ke kalmashe bakin riga da hannu, kuma babu kayan da ke fita daga shagon sai ta juya su baibai ta bi ɗinkin da ɗan yatsa. In ta ce, "Malam, nan ya tattare," to ko mai kaya na tsaye a ƙofa sai an warware. 'Yar ƙaramar mace ce mai zafin nama da kaifin harshe, takan hau matakalar nan ta sauka sau ashirin a yini ba ta taɓa lissafawa ba. 'Ya'yansu uku sun girma sun watse. Maza biyu neman abinci ya kai su nesa, sai Auta, malamar makaranta, da ke aure a wani gari mai tafiyar awa biyar a mota.

Wata safiya tana zaune tana sa maɓalli, allura ta suɓuce daga hannunta. Ta ce bari ta ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Mako uku ta yi a asibiti. Da aka sallame ta ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi, magana sai ɗaya-ɗaya take fitowa, amma hankalinta garau yake, idanunta kuma ba su rage komai ba. Maƙwabcinsu Mai Walda da wani direban tasi ne suka hau da ita sama a kan kujerar roba. Su ne kuma ke sauko da ita duk bayan mako biyu in za a koma asibiti. Da zarar sun ɗaga kujerar sai ta ja mayafi da hannun hagu ta rufe fuska, ba ta buɗewa sai an rufe ƙofar mota. Tela yakan biyo su a baya riƙe da takalmanta.

Auta ta yi wata guda tana jinya, sannan aiki ya kira ta. Kwana tara da tafiyarta abin ya faru. Ya zo zai tayar da Sufeto daga gado zuwa kujera kamar yadda aka nuna masa, ya sa hannu ƙarƙashin hammatarta ya ɗaga, sai gwiwoyinsa suka saki. Tare suka zube a tsakar ɗaki. Shi bai ji ciwo ba, ita ma goshinta ne kawai ya bugi ƙafar gado, amma ya yi ya yi ya ɗaga ta ya kasa. Mai Walda ya fita aiki tun safe, matarsa ta tafi kasuwa. Fiye da awa guda tana kwance a kan siminti. Ya tura mata matashi ƙarƙashin kai ya zauna kusa da ita, har matar Mai Walda ta dawo suka ɗaga ta tare. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mace ce da ba ta kai nauyin buhun siminti ba, wadda ta hau benen nan da cikin 'ya'yansa uku, ga shi ya kasa raba ta da ƙasa.

Matar Mai Walda ce ta buga wa Auta waya, washegari kafin rana ta take ta iso. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Auta bakin uwarta ta ɗauko. Ta duba kumburin goshin, ta kira uban madafa ta ja ƙofa.

"Baba, ba raini ba ne, amma Mama ba za ta ci gaba da zama a nan ba. Muna da ɗaki a ƙasa, babu matakala. In an yi dogon hutu zan zo da mota in tafi da ita."

"Ni fa?"

"Kai ma ka zo mana."

"In rufe shago in je in zauna a gidan suruki ina jiran a zubo mini?"

"To ka riƙa zuwa kana duba ta. Baba, ka kasa ɗaga ta fa. Da kanta ne ya fashe, me za ka ce mana?"

Ya kalli tukunyar da ke kan murhu. Can ya ce, "Saura wata nawa hutun?"

"Biyar."

"Kafin nan zan iya. Daga gado zuwa kujera, daga sama zuwa ƙasa, ni kaɗai. In na iya za ki bar mini ita?"

Auta ta dube shi da tausayi, abin da ya fi masa zagi ciwo. "Baba, rigar aurena ma da safen ranar ka ɗinka ta. Ai na san alkawarinka."

"Tambayarki na yi."

"In ka iya na bar ta. Amma sai na gani da idona."

Shekara talatin da tara ke nan yana kwana yana jin numfashin matar nan, in ka cire makonni ukun asibiti. Ya san in ta shiga motar nan ta bar benen ke nan, shi kuma zai koma baƙon da ke zuwa dubiya da ledar lemo. Ita ma ta ji komai, don bangon madafar ba shi da kauri.

A zuwansu asibiti na gaba ya tsaya gaban malamar da ke motsa wa Sufeto hannu da ƙafa, yana murza hularsa, ya gaya mata abin da yake so. Ta sa shi ya zauna a kujera ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. Sau huɗu ya yi, a na biyar ya kama gefen tebur. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki takarda ta rubuta masa: zama da tashi sau goma, tura bango da hannu sau goma, hawa matakala sau biyu, kullum. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar ƙarshe.

"Baba, kaɗan ne, amma kowace rana. In kun dawo bayan mako biyu zan gwada ka."

Da suka dawo ya ninke takardar ya ɗora bisa kantar shago, inda yadin mutane ke jira. Hali zanen dutse. Ranar farko ya ce bari ya gama wata riga, ta biyu bayansa na ciwo, ta uku baƙi suka zo dubiya. Ba wai bai damu ba ne, da abin yake kwana da shi yake tashi. Shi dai a saninsa kowane aiki yana da ranarsa, kuma ranar ba ta zo ba. Ana gobe komawa asibiti ya sauko da takardar, ya ɗauki alli ya buga lissafi a kan teburin yanka: goma sau goma sha huɗu, ɗari da arba'in, biyu sau goma sha huɗu, ashirin da takwas. Ya naɗe hannun riga ya fara.

Mai Walda ya leƙo ya tarar da shi yana zama yana tashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Baba Gobe, lafiya? Ko kunama ce a kujerar?"

"Aiki ne aka ba ni, gobe mai shi zai duba."

Ya kai sittin da wani abu a zama da tashi, ya hau matakalar sau goma sha ɗaya, daga nan idanunsa suka yi duhu ya zauna a mataki na uku. Washegari ko ƙafa bai iya saukowa da ita daga gado ba. Kwana huɗu ya yi a kwance kusa da matar da ya ce zai ɗauka, matar Mai Walda na shigowa tana yi mata wanka tana ba su abinci su biyun. Asibitin ma ba a je ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mutumin da ya shekara arba'in yana fafewa kuma yana isa, yaya za ka yi ya yarda?

A rana ta uku Sufeto ta juyo da kai a kan matashi. Ta daɗe tana tattaro kalmomin.

"Malam."

"Na'am, Sufeto."

"Ni ma... sai ranar karɓa... za ka ɗinka ni?"

Ya juya fuskarsa bango. Ya yi kuka a hankali, yadda yake zaton ba za ta ji ba.

Da ya warware ya gwada duk dabarar da ya ji ana faɗa. Ya liƙa takardar a jikin madubi, bayan kwana biyu idonsa ya daina ganinta. Ya saita ƙararrawa a waya, in ta buga yana tsakiyar wuyan riga sai ya kashe ya ce bari ya ƙarasa. Ya ce da sassafe zai riƙa yi, amma safiya ta Sufeto ce: wanka, magani, shayi cokali-cokali. Wata guda ya tafi a haka, yau ya yi, gobe da jibi bai yi ba. Malamar asibiti ta gwada shi, daga huɗu ya koma shida kawai.

Ta ce, "Baba, babu wani abin da kake yi kullum, wanda ba ka taɓa ɗaga shi zuwa an jima? Ka nemo shi, ka ɗaura wannan a jikinsa."

Ya yi ta tunani har suka iso gida bai samo ba. Mutumin da ko aski sai an yi masa gori yake zuwa.

Ashe amsar na cikin keken. Wata rana da hantsi yana ɗinka wando, ya yi nisa, sai ya lura allura huda yadin kawai take yi ba ta kama komai. Zaren ƙasa ya ƙare. Ya buɗe ya zaro kwarkwaron, wato ɗan ƙarfen da zaren ƙasa ke naɗe a jikinsa, ya kai hannu gwangwanin da yake tara cikakku. Hannun na cikin gwangwanin ya tsaya. Ga abu ɗaya da bai taɓa ɗagawa ba tun yana koyon sana'ar. In zaren ƙasa ya ƙare ya ƙare, ko wane ne a tsaye a kanka sai an sauya. Kuma ranar da ake ɗinki sosai yakan ƙare sau bakwai, sau takwas.

Ya rufe gwangwanin ya hau da shi sama yana dafa bango, ya ajiye shi a gefen hagu na gadon.

"Sufeto, na ba ki aiki. Duk sanda na hawo ɗaya za ki ba ni, ɗaya tak. Kuma kada ki ba ni sai na zauna na tashi a gabanki sau goma."

Ta dubi gwangwanin ta dube shi. Ɓarin bakinta mai rai ya ɗan motsa. Ta jawo gwangwanin ta tura shi ƙarƙashin matashinta.

Haka aikin ya kankama. Da yamma kafin ya rufe shago yakan naɗe waɗanda suka ƙare ya hau mata da su. Da rana kuwa, zare na ƙarewa sai ya miƙe, mataki goma sha huɗu, ya ja kujera gaban gado. Ita ke ƙirgawa. Da farko ƙirgen ya fi tashin ɗaukar lokaci, sai ya tsaya a tsaye yana jiran "bakwai" ta fito daga bakinta. In ya dafa gwiwa sai ta maimaita lambar, ba ta wuce. Duk wanda ya yi zaton ciwo ya sauke ta daga muƙaminta bai san ta ba.

Sau ɗaya ya taɓa yi mata ha'inci. Ranar aiki ya taru, wata mata na zaune a benci tana jiran kayan makarantar 'ya'yanta, cinyoyinsa kuma na zugi. Da zaren ya ƙare sai ya ɗora kwarkwaron a kan keke ya fara naɗe shi nan take. Bai kai rabi ba ya ji bugu daga rufi, sanda ce ake ƙwanƙwasawa a daɓen sama. Ya manta cewa shekara talatin da tara tana sauraron keken nan daga can, ta san ƙarar ɗinki ta san ƙarar naɗi.

Matar ta ce, "Baba, kamar ana kira."

"E, an kama ni ne," in ji shi. Ya hau. Ranar sau goma sha biyar ta sa ya yi, bai kuma yi gardama ba.

Wani abu ya biyo baya wanda bai shirya masa ba. A da, ranar da babu mai zuwa karɓar kaya a bakin shago yake yini yana hira. Yanzu in bai yi ɗinki ba zare ba zai ƙare ba, in zare bai ƙare ba sanda za ta yi magana. Dole ya fara sauko da yadin da ranarsa ba ta zo ba. Wani dattijo da aka buga wa waya aka ce ya zo ya karɓi rigarsa, saura kwana goma sha biyu a alkawari, sai da ya tambaya ko Baba Gobe barin garin zai yi.

A wata na biyu ya daina dafa bango. Malamar asibiti ta ce to daga yau kada ya ƙara hawa hannu rabbana. Ya fara da bandir ɗin yadi a kafaɗa. Daga nan ya ɗinka dogon buhu da tamfol mai kauri, da hannaye biyu masu ratayuwa a wuya, ya zuba masa yashi da ƙyallaye. Duk ƙarshen mako yana ƙara yashi kwano biyu, ba ya wucewa, don malamar ta ce ranar da ya wuce ta cire hannunta daga maganar. Ya kuma ɗinka faffaɗan majanyi mai ninki uku, da maɗauri a ƙirji da ƙugu, ya kai mata ta duba ta sa aka gyara wuri biyu. Sufeto ma ta juya shi baibai ta sa aka warware wuri ɗaya.

Mai Walda ba ya barin abin ya wuce shi. In ya gan shi ya fito da buhu a baya sai ya kashe inji ya ɗaga gilashin fuska.

"Baba Gobe, sannu da goyo. Mace ce ko namiji?"

"Ci gaba da ƙona idonka. Wannan ɗan ba ya kuka ba ya fitsari, ya fi naka tarbiyya."

Ƙarya ce a ce ya zo ya so abin. Bai taɓa son sa ba. Akwai ranakun da in ya ji zaren ya kusa ƙarewa gabansa ke faɗuwa. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi ya tarar buhun ya fi ƙarfinsa, dole ya zubar da yashi kwano shida ya sake farowa daga can. Yana zubarwa ransa na ɓaci, don ya san kowane kwano kwanaki ne. Amma akwai kuma ranar da kantar ta zama wayam, babu ɗinki ko ɗaya a shagon. Yana zaune yana wasa almakashi, sai kawai ya tsinci kansa a mataki na shida da buhu a baya, ba zare ne ya turo shi ba. Da ya shiga ɗakin Sufeto ta kalle shi da mamaki, don ba ta ji keke ba. Ta ƙirga masa gomansa, ta miƙa masa kwarkwaro duk da haka. Ya karɓa ya sa a aljihu.

A wata na huɗu yana tayar da ita daga gado zuwa kujera ba tare da ya riƙe numfashi ba. Amma malamar ta hana shi bin matakala da ita sai buhun ya kai nauyinta, ya kuma yi mako biyu cur yana hawa da shi. Makon zazzaɓin ya ɓata masa lissafi, sai ya kasance ranar da mako biyun suka cika ita ce ranar da Auta za ta zo. Duk abin da yake gaya mata a waya, "To Baba, Allah ya taimaka" take cewa, da irin muryar da ake lallashin yaro.

Da hantsi ta iso da motar haya, ta sa aka kwantar da kujerar gaba aka shimfiɗa bargo. Ta gaishe shi, ta hau sama ta fara haɗa kayan uwarta a babbar jaka, ba ta tambayi komai ba. Sufeto na kallo ana kwashe durowarta. Da direban ya sauke jakar ya sa a bayan mota, Auta ta leƙa ta taga ta kira Mai Walda ya zo a kama kujera.

"Bar kujerar," in ji Tela. "Ni zan sauko da ita."

"Baba, don Allah kada ka sa in kai mutum biyu asibiti yau."

"Kin ce sai kin gani da idonki. To ki buɗe shi."

Mai Walda, wanda ya riga ya hawo, ya ce, "Auta, ƙyale shi. Ni zan shiga gaba, ke ki bi baya."

Ya zaunar da Sufeto a bakin gado, ya durƙusa ya ba ta baya, ya zagaya majanyin ya ɗaure ƙirji ya ɗaure ƙugu. Ya jawo shanyayyen hannun bisa kafaɗarsa ya soke shi cikin maɗaurin, sannan ya miƙe. Abin da buhu bai koya masa ba shi ne ɗumi. Buhu ba ya numfashi a bayan kunnenka, ba shi da haƙarƙarin da za ka ji yana hawa yana sauka. Ya ji yadda ta rame. Tsoro ya kama shi, na gaske. Ya taka matakin farko.

A hankali suka sauko, ƙafa biyu a kowane mataki. Da suka fito ƙofar titi mai shagon tsallake ya miƙe tsaye, wasu mata biyu da ke wucewa suka ja birki. Sufeto ba ta rufe fuska ba. Direban ya buɗe ƙofar mota, Tela ya tsaya a bakinta bai juya ba, hannun hagun matarsa ya damƙe wuyan rigarsa har yana shaƙe shi.

Auta ta daɗe tana kallonsu. Da ta yi magana muryarta ta yi ƙasa.

"Na gani, Baba. Amma saukowa ba ita ce aikin ba. Duk ranar da kuka dawo daga asibiti hawa za ka yi."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya san ba don mugunta ba ne, uwarta ce. Cinyoyinsa sun riga sun fara rawa. Da zai samu minti goma a zaune da ya so, amma bai nema ba, don ranar asibiti ma ba a bakin titi zai ajiye ta ya huta ba. Ya juya ya fuskanci ƙofar.

Matakan farko ƙafafunsa ne suka yi su da kansu. A na tara, wurin kwanar, inda matakin ke tsukewa ta gefe ɗaya, gwiwarsa ta dama ta ƙi. Ya ɗora ƙafa a na gaba ya tura, ba abin da ya motsa. Ya ji Auta ta matso daf da bayan uwarta.

"Kada ki taɓa," in ji shi.

Ya tsaya ya ja numfashi sau uku kamar yadda aka koya masa, gumi na shiga masa ido. Sai ya ji leɓenta a kunnensa.

"Goma," in ji Sufeto.

Bai riga ya hau ba. Karo na farko ke nan da ta ƙirga masa abin da bai yi ba tukuna. Ya sake turawa, ya hau.

Da ya kwance majanyin ya kwantar da ita bai kai ga kujera ba, nan ƙasa ya zauna ya jingina da gado, ƙafafunsa na kaɗawa su kaɗai. Mai Walda ya share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin walda ne ya shige masa tun safe, ya sauka. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon iyayenta, sannan ita ma ta juya ta sauka.

Ya ji an buɗe bayan mota an rufe. Ya ji injin ya tashi, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace. Sannan ya ji takun Auta a matakala, mai nauyi, jaka na gogar bango. Bai san yana ƙirgawa ba sai da takun ya tsaya a wurin kwanar, ya kuma daɗe a tsaye. Yarinya ce mai shekara talatin da biyu, jakar tufafi ce kawai a hannunta. Suka ji tana haki, sannan suka ji hakin ya koma wani abu daban, tana ƙoƙarin danne shi. Sufeto ta sauko da hannun hagu ta ɗora a kan furfurarsa, ta bar shi a nan.

Can Auta ta shigo idanunta jajur, ta ajiye jakar a tsakar ɗaki ta durƙusa ta zuge ta.

"Mama," ta ce, "zannuwan nan a durowar sama suke zama ko ta ƙasa?"